Manja, man gyaɗa, man shanu ko man zaitun: wanne za a zuba a tukunya in ana gudun ciwon zuciya?

Duk gidan da likita ya ce wa mutum ɗaya jininsa ya hau ko kitse ya yi yawa a jininsa, toh daga ranar rigimar mai ta tashi kenan a kicin. Maigida ya ce a daina manja, uwargida ta ce to alale da taliya da me za a ci su, kaka tana gefe tana cewa su da man shanu suka tashi ga su nan garau har yanzu, sai kuma ɗan bokon gidan ya ce duk ku bari a koma man zaitun, alhali 'yar kwalbarsa ɗaya kuɗinta ya isa a yi cefane mai kyau. Ni dai bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu kafin surutu ya yi nisa: a girkin yau da kullum na gidan Bahaushe man gyaɗa na gaskiya ne ya fi dacewa da zuciya da kuma aljihu a lokaci guda, manja da man shanu a mayar da su abun ƙamshi da ake aunawa da cokali, man zaitun kuma in da hali madalla in babu ba a yi asarar komai ba. Matsalar kawai ita ce yawancin abun da muke saya muna ce masa man gyaɗa ko gyaɗa ɗaya babu a cikinsa, zan zo kan wannan.

Da farko dai me ake aunawa ne in an ce wannan man ya fi wancan? Kowane mai haɗi ne na kitse kala-kala, wanda ya fi damun likitocin zuciya shi ne irin mai daskarewa ɗin nan, wanda shi ke sa in hunturu ya shigo ka ga mai ya kama ya yi ƙulu-ƙulu a kwalba. In ya yi yawa a abinci hanta tana rage kwashe wani nau'in kolestarol da ake kira LDL daga cikin jini, shi kuma LDL in ya daɗe yana yawo da yawa sai ya riƙa shigewa bangon jijiyoyin jini yana taruwa, shekara da shekaru ba ciwo ba alama, har ranar da wurin zai fashe jini ya daskare ya toshe hanya, in a zuciya ne a ce bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne a ce shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wannan kitsen ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, wato ga babban mutum mai cin daidai misali kusan giram 22 kenan. Yanzu ku duba lissafin da babban cokali, na cin abinci: manja cokali ɗaya yana da kusan giram 7, soyayyen man shanu 8 zuwa 9, man gyaɗa biyu da ɗan wani abu, man waken suya da man zaitun da man riɗi duk kusan 2. Kenan cokali uku na manja sun cinye rabonka na yini gaba ɗaya tun kafin a lissafa kitsen tsire da madara da ƙwai, amma man gyaɗa sai ka kai cokali tara kafin ka isa nan. Wanda ya san yadda ake malala mai a kan garau-garau ko ɗanwake ya san cokali uku ba wani abu bane.

Sannan rubutun nan da ake yi ɓaro-ɓaro a jikin galan wai babu kolestarol a ciki, kar ya ruɗe ku, talla ce kawai. Babu wani man da aka tatso daga tsiro da yake da kolestarol na a zo a gani, har manjan ma, dabba ce ke da shi. Abun tambaya shi ne me man zai sa jikinka ya yi, ba wai ko shi kansa yana ɗauke da shi ba.

Toh mu dawo kan man gyaɗan da ba na gyaɗa ba. A bakinmu duk man da yake fari ruwan zinare sunansa man gyaɗa, shi ya sa in ka aiki yaro shago ya sayo man gyaɗa mai shago zai tsiyayo masa daga jarka mai ruwan ɗorawa ba tare da ya ji ya yi ƙarya ba, amma kaso mafi yawa na man jarka da na leda da ke kasuwa daga kwakwar manja aka yi shi, an tace an cire jan da warin an ware ɓangaren da ya fi ruwa-ruwa, shi ne za ku ga an rubuta palm olein a jikin robar in kun duba wurin kayan haɗi, wani lokacin ma vegetable oil kawai za a rubuta a yi shiru. Kitse mai daskarewa a cikinsa ya haura kashi 40 cikin 100, bai yi wa manja nisa ba, man gyaɗa na ainihi kuwa kashi 17 zuwa 18 ne. Don haka gidan da aka ce an daina manja saboda Baba an koma man jarka, wallahi kusan ba a yi komai ba, an ma yi asarar sinadarin da ke cikin jan. Wannan shi ne abun da na fi so mutane su gane a duk rubutun nan, don akwai masu shekara biyar suna ganin suna kiyaye doka alhali manja suke ci ya canza kaya. Yadda za a gane: a karanta jikin robar, in na awo ne a shinshina, man gyaɗan matsa ƙamshin gyaɗarsa ba ya ɓuya, sannan in sanyin Disamba ya sa ya yi fari-fari ya kwanta a ƙasan kwalba to akwai alamar tambaya, duk da cewa akwai wanda aka tace sau biyu da ba ya saurin daskarewa, don haka rashin daskarewar ba shaida bace.

Shi manja kansa ban yarda a mayar da shi dodo ba. Rabinsa kitse mai daskarewa ne, gaskiya ne, amma jan nan nasa sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A ne, kuma yana cikin abincin da suka fi kowane yawansa a duniya, a ƙasar da yara ke fama da ƙarancin bitamin A wannan ba ƙaramin abu bane. Sai dai fa masu ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe ya koma fari kafin su zuba albasa, sun ƙone amfanin sun bar illar, ga hayaƙin da ya cika gida kowa na tari. In za a yi miyar manja a narkar da shi kawai a zuba kayan miya.

Maganar ko yana ɗaga kolestarol kuwa an gwada ba sau ɗaya ba. A 2015 an tattara gwaje-gwajen da aka ba mutane manja aka ba wasu man da kitsensa mai daskarewa bai da yawa, aka ga masu manja LDL ɗinsu ya fi hawa. A Kosta Rika, wata ƙasa a tsakiyar nahiyar Amurka da talakawanta ke girki da man kwakwar manja, binciken da aka fitar a 2005 ya nuna masu girki da shi sun fi masu man waken suya kamuwa da bugun zuciya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma labarin da ya fi burge ni na tsibirin Morishos ne a tekun Indiya. Can akwai wani man girki mai rahusa da gwamnati ke da iko da haɗinsa, kusan kowa shi yake saya, kuma mafi yawansa na kwakwar manja ne, sai a 1987 gwamnati ta canza shi ya koma na waken suya, mutane suka ci gaba da girkinsu yadda suka saba, da aka sake auna jinin jama'a a 1992 sai aka ga kolestarol ɗin manya ya sauka da kusan kashi 15 cikin 100, ƙasa guda fa, ba magani ba komai, man tukunya kawai aka canza. Masu cewa ai duk mai mai ne, ga amsarsu nan.

Ƙarin abu ɗaya game da manja, wanda ya yi ja jawur fiye da kima har yana rina hannu da roba a yi hattara da shi, an sha kama masu zuba masa rini don ya yi kyau a ido, kuma NAFDAC ta sha gargaɗi a kai.

Man shanu kuma nan ne zuciyata take raurawa, don tuwon dawa miyar kuka ba man shanu ai sai a hankali. Amma a lissafi shi ne ya fi manja ma, kitse mai daskarewa a cikinsa ya haura kashi 60, ga kolestarol nasa na kansa tunda daga dabba ya fito. Hujjar da ake kawowa kullum ita ce Fulanin daji, nono da man shanu ne abincinsu kuma ba ka ganinsu da tumbi ko ciwon zuciya. Wannan magana ba shaci-faɗi bace, an bincika, a 2001 wasu masana sun fitar da sakamakon awon da suka yi wa Fulani makiyaya a yankin Jos, suka samu kusan rabin ƙarfin abincinsu daga kitse yake fitowa kuma mai daskarewar ya yi yawa sosai, amma kolestarol ɗin jininsu lafiya lau. Sai dai a karanta sauran labarin: gaba ɗaya abun da mazan ke ci a yini bai kai kalori 1,700 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci), matan ma ƙasa da haka, ga su sirara, ga tafiyar ƙasa tun safe har yamma bayan shanu, matan da ƙwarya a ka daga ruga zuwa gari, kusan ba mai shan taba. Masu binciken da kansu abun da suka danganta shi da shi kenan. To kai Alhaji da kake fita daga gida a mota ka zauna a shago ko ofis har la'asar, ka ci shinkafa da rana ka kora da lemon kwalba, da dare a kawo tsire, ba za ka ari man shanun Bafulatani ka bar masa tafiyarsa ba. Haka ma maganar kaka, su da suka yi daka da surfe da ɗiban ruwa da noma, man shanun ma sai ranar da aka samu.

Mutanen da suka gwada cin man shanu da yawa su ne 'yan ƙasar Finlan da ke Turai. A wajajen 1970 yankin Kareliya ta Arewa yana cikin wuraren da maza suka fi mutuwa da bugun zuciya a duk duniya, manoma ne masu shanu, burodi sai an lafta masa man shanu, madara mai kauri, gishiri, sigari. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin wani matashin likita Pekka Puska, aka bi ƙauye-ƙauye da ƙungiyoyin mata ana canza girki zuwa man tsiro, ana rage gishiri da taba, cikin shekara 40 mutuwar maza masu ƙarfin aiki ta dalilin ciwon jijiyoyin zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Ba man shanu kaɗai ya yi wannan ba, amma saukar kolestarol ita ce ta ɗauki kaso mafi girma a cikin abubuwan da suka canza. Don haka ni a wurina man shanu ƙaramin cokali, na shayi, a kan miya don ƙamshi, ba a soya miya da shi ba, ba a yi masa tafki a tsakiyar tuwo ba. Kakiɗe da kitsen rago na layya da ake adanawa ana girki da shi wata da watanni su ma layinsu ɗaya da shi.

Yanzu ga babbar kokawar, zaitun da gyaɗa. Man zaitun yana da daraja a wurinmu tun kafin bature ya yi bincike, an ambaci itacen a Alƙur'ani, mutane na ajiye shi don shafawa da sha, wannan daban. Ta fuskar bincike ma shi ne ya fi kowane mai samun gata, mafi shahara shi ne wanda aka yi a Sifen mai suna PREDIMED, mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya, aka kasa su uku, wasu ana ba gidansu kusan lita ɗaya ta man zaitun tatsar farko duk mako, wasu ana ba su giram 30 na 'ya'yan itace dangin gyaɗa kullum, wasu aka ce su rage mai kawai, bayan kusan shekara biyar kashi biyun farko bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. An buga shi a 2013, daga baya aka gano kurakurai a yadda aka rarraba wasu mutanen aka janye shi aka sake lissafi aka buga a 2018, sakamakon bai canza sosai ba amma ƙarfin hujjar ya ɗan ragu. Abun lura biyu ne, na ɗaya lita guda a mako, ba 'yar kwalbar da muke ɗigawa a shayi ba, na biyu mutanen suna cinsa ne da kifi da wake da ganye da tumatir, ba a kan farar shinkafa da soyayyen nama ba. Wanda zai sha cokali ɗaya na zaitun da safe a matsayin magani sannan a yi masa sauran girkin yini da man jarka, ya ba da kuɗinsa ne kawai.

Shi man gyaɗa kusan rabinsa irin kitsen nan ne da ya sa ake yabon zaitun, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma irin wanda ya fi kowane sauke LDL ne. An taɓa haɗa su kai da kai a jami'ar jihar Fensilbeniya a Amurka a 1999, ƙaramin gwaji ne na mutum 22, aka riƙa ba su abinci da man zaitun na wasu makonni, da man gyaɗa na wasu makonni, da gyaɗar kanta da tunkuzarta na wasu makonni, duka ukun suka sauke LDL da kusan kashi 14 cikin 100, ba wani bambanci na kirki. A 2015 kuma wani babban bincike da ya bi mutum sama da 200,000 a Shanghai ta Sin da kuma talakawan kudancin Amurka, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne, ya ga masu yawan cin gyaɗa sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya, duk da dai irin wannan binciken bin sawu ne kawai ba ya tabbatar da cewa gyaɗar ce ta yi aikin. Inda zaitun ya fi shi shi ne wasu sinadarai masu ɗan ɗaci da maƙaƙi da ke cikin tatsar farko, da kuma cewa shi an gwada shi a kan ciwon kansa ba a kan awon jini kawai ba. Amma in aka sa farashi a sikeli, da kuma cewa ba kowace kwalba da aka rubuta zaitun bace zaitun zalla, ga shi kuma ba ya shiga da miyar taushe ko masa, ni ban ga dalilin da zai sa mutumin Kano ko Maraɗi, ƙasar da aka yi dalar gyaɗa, ya takura kansa ba. Ga juriyar wuta, man gyaɗa yana ɗaukar suya mai zurfi ba tare da saurin lalacewa ba.

Na matsa na gida ko na kamfani? Ta wajen zuciya ɗaya suke. Na matan da ke yin ƙuli-ƙuli ya fi ƙamshi kuma ka san gyaɗa ce in ka san mai yin, don wasu ma yanzu suna sirka shi da na jarka saboda tsadar gyaɗa. Inda na kamfani ya fi shi wuri biyu ne. Gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da wata guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta har ta kai ga kansa, tacewar kamfani tana cire ta daga mai, na gida kuwa wani abu yana iya saura duk da mafi yawanta a ƙulin take zama, don haka a sayi na wadda aka san tana tsince gyaɗarta tana zubar da ruɓaɓɓu. Na biyu, tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanonin mai a Najeriya su ƙara bitamin A, shi ne alamar ido da kuke gani a jikin roba, na gida ba shi da wannan, sai a cike da karas da zogale da ɗan manjan nan da muka ce.

Man waken suya in an samu na gaskiya shi ma zaɓi ne mai kyau, a wajen sauke LDL ma yana iya ɗara man gyaɗa kaɗan, sau da yawa kuma ya fi shi sauƙin kuɗi, rauninsa kawai ba ya son a yi ta maimaita suya da shi, ya fi saurin yin wari da danƙo, don haka na miya da dafa-duka ne. Man riɗi lafiya lau, sai tsada, duk da a Jigawa da Nasarawa da Binuwai ake noma shi ana lodawa waje. Man kwakwa da 'yan intanet suka ɗaga shi sama wai yana ƙone tumbi, kitse mai daskarewa a cikinsa ya haura kashi 80, ya fi man shanu, a bar shi a gashi da fata shi da alayyadi.

Za ku ci karo da bidiyo masu cewa man waken suya da danginsa guba ne, kitsen dabba shi ne lafiya. Ba daga sama suka ɗauko ba, akwai tsofaffin gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Sidni ta Ostireliya ɗaya a Minesota ta Amurka, da aka sake tono takardunsu aka ga kolestarol ya sauka amma mutuwa ba ta ragu ba, kuma masana na ta muhawara a kai har yau. Sai dai in aka haɗa gwaje-gwajen gaba ɗaya, kamar yadda ƙungiyar Cochrane ta yi a 2020 da mutum sama da 50,000, rage kitse mai daskarewa na aƙalla shekara biyu ya rage aukuwar ciwukan zuciya da jijiyoyin jini da kusan kashi 17 cikin 100. Ba mu'ujiza bace, amma ba banza bace. Kuma ribar tana fitowa ne in an maye gurbinsa da mai mai kyau, wanda ya rage mai ya ƙara farar shinkafa da burodi da sukari bai ci ribar komai ba.

Akwai wani man da bai shiga jerin ba kuma ni shi na fi tsoro, man kaskon da ba a taɓa juye shi. Na mai ƙosai da awara da fanke da kifi da doya a bakin titi, wanda kullum sai dai a ƙara sabo a kan tsoho har ya koma baƙi yana kumfa yana danƙo a gefen kasko, wasu ma daga wurin masu suyar kaji suke sayo wanda aka gama da shi. Duk lokacin da mai ya yi zafi ya huce ya sake zafi yana rubewa ne yana haifar da sinadarai masu cutar da bangon jijiya, a gwajin dabbobi an ga yana ɗaga hawan jini, a Sifen ma an samu alaƙarsa da hawan jini a gidajen da ke maimaita mai. A gida in an yi suya a tace a rufe, a yi amfani da shi sau biyu ko uku, da ya canza kala ko ya fara hayaƙi da wuri a zubar, kar a juye shi a miya don ana jin asara. A nan dole a yi wa man jarka adalci, wajen jure wuta yana cikin na gaba, shi ya sa masu sana'ar suya ke son sa. Bota ta gwangwani da ta awo da ake cincin da kek da burodi da ita kuma, a da ana samun wani kitse a cikin irinsu da ake kira tirans wanda ya fi kowane illa ga zuciya, yana ɗaga mugun kolestarol, wato LDL, ya sauke mai kyan, a 2023 Najeriya ta fitar da dokar da ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na kitse, wanda ke da rajista da suna ya fi wanda ake yankowa daga bokiti ba takarda.

Wani abu kuma da bai kamata rigimar mai ta rufe mana ido a kai ba, mu a nan abun da ya fi kwantar da mutane hawan jini ne. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, ya kwatanta mutum sama da 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da wasu irinsu da ba su samu ba, sakamakon 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba da tazara mai nisa, sai matsalar kitsen jini ta biyo baya, yawan cin nama kullum yana ciki, ciwon suga yana ciki, masu cin ganye kullum kuma sun fi tsira. Kenan mai yana da muhimmanci tunda shi ne na biyu, amma wanda ya canza mai ya bar dunƙule shida a tukunya ɗaya da gishiri da yajin da aka cika wa farin magi, kuma bai san awon jininsa ba, ya gyara ƙaramar ya bar babbar. Gishirin yini gaba ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen.

In za a je kasuwa gobe ga yadda zan raba. Gidan da kowa lafiyarsa ƙalau kuma akwai yara, a sayi man gyaɗa na gaskiya ko na waken suya a matsayin babban mai, manja ƙaramar kwalba na alale da fate da miyar ganye sau biyu ko uku a mako, man shanu na ɗigawa. Gidan da akwai mai hawan jini ko suga ko wanda aka ce LDL ɗinsa ya hau ko ya taɓa samun bugun zuciya, a yi girkin kowa da man gyaɗa ko na waken suya don ware masa tukunya ba ya ɗorewa, in miyar manja ce a sirka, cokali ɗaya na manja don kala biyu na man gyaɗa, man shanu a ajiye a gefe mai so ya ɗiga a kwanonsa. Wanda kuma aljihu bai ba shi damar wuce man jarka ba, kuma su ne da yawa a wannan tsadar, to ya rage yawan, a daina tsiyayowa daga galan kai tsaye a riƙa aunawa da cokali, miyar da mai ke iyo a samanta a kwashe na saman, a rage soye-soye a ƙara dafawa da gashi, sannan a nemo mai mai kyau daga abincin kansa, miyar gyaɗa, kwaɗon zogale da rama da ƙuli, kantu, agushi, kifi ko da sau ɗaya a mako. Kowane mai ne dai cokali ɗaya kusan kalori 120 ne, har zaitun ɗin, mai neman rage ƙiba ba wanda zai sha ya tsira.

Wanda likita ya ɗora a kan maganin kolestarol ko na hawan jini kar ya ajiye don an canza mai a gida, abinci yana sauke LDL da ɗan kaso ne, ƙwayoyin da ake bayarwa suna iya sauke shi da kashi 30 zuwa 50, akwai kuma waɗanda nasu gado ne ko ruwa suke sha sai ya hau, sirara ma suna ciki. A canza man, a ba shi kamar wata uku, a koma a sake awon jinin a kai wa likitan takardar ya gani ko za a taɓa maganin ko a bar shi yadda yake.